Idan allon tsohuwar kwamfuta ya dinga ɗaukewa: a gano ciwo kafin a biya kuɗin magani

Kowace shekara, da zarar hunturu ya wuce bazara ta kankama, akwai kuka guda da ke yawaita a rumfunan masu gyaran kwamfuta, tun daga Yamai har Damagaram. Mutum na cikin aiki sai allon ya yi baƙi ƙirin, ya ɗan jima ya dawo, can kuma ya sake ɗaukewa. Wani nasa ba baƙi yake yi ba, layuka ne ke ratsa shi, kore da ja, tamkar zanen saƙi. Wani hoton ne ke sandarewa, sai ka ji muryar mai magana cikin bidiyo na ci gaba alhali fuskarsa ta tsaya cak. A ƙarshe sai allon ya koma shuɗi da rubutun nasara a kansa, na'urar ta kashe kanta ta sake tashi, aikin da aka yi tun safe ya bi ruwa.

Waɗanda wannan masifa ta fi faɗa wa sanannu ne. Akwai ɗalibin jami'a, a Yamai ko Maraɗi ko Tawa, wanda ke rubutun kundin kammala karatu, ranar miƙawa na matsowa. Akwai matan da ke buga takardun jama'a a ƙananan biro-biro na bakin kasuwa, waɗanda abincin gidansu na rana ya rataya ga wannan na'ura. Akwai malamin lakwal da sakamakon yara ke cikinta, da ɗan kasuwan da ya zuba lissafin bashinsa a ciki. Kusan dukkansu kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwanjo suke riƙe da ita, wadda ta gama aikinta a wani ofis na Turai ko Amurka kafin ta shigo mana ta bakin teku ko ta Kano, kuma da yawa daga cikin irinta sun haura shekara 10 da ƙerawa. Ba a sayen ta sai an yi tanadin watanni, don haka ba abu ba ne da za a ce wa mai ita ya yar ya sake wata.

Abin takaici shi ne magani biyu ne kawai aka fi ba mai wannan kuka. Ko a ce masa a goge komai a sake zuba Windows, abin da ake kira formata, ko a ce allon ne ya mutu, a sayo wani. Sau da yawa kuwa duk biyun ba su taɓa inda ciwon yake ba. Mutum ya biya kuɗi, wani lokaci har takardunsa su salwanta wajen gogewar, bayan kwana uku allon ya sake ɗaukewa kamar ba a yi komai ba. Dalili kuwa shi ne cututtuka daban-daban ne ke fitowa da alama iri ɗaya, kamar yadda zazzaɓi kan zama na sauro, ya zama na taifot, ya zama na gajiya kawai.

Kafin hoto ya iso idon mai kallo, hannu huɗu yake bi. Na farko wata ƴar ƙaramar ƙwaƙwalwa ce da aikinta shi ne zana hoto. A wasu na'urorin tana cikin babbar ƙwaƙwalwar kwamfutar, kamar yadda kamfanin Intel ke yi, a wasu kuma tana zaman kanta a kan babban farantin da masu gyara ke kira kart-mer, akasari ƙirar NVIDIA ko AMD. Na biyu wata manhaja ce da ake kira pilot, wadda ke matsayin tafinta tsakanin Windows da wannan ƙwaƙwalwar hoto. Na uku siririyar waya ce da ta taso daga kart-mer, ta bi ta gaɓar da murfin ke lanƙwasawa, ta shiga bayan allo. Na huɗu shi ne allon kansa, tare da fitilar da ke haska shi ta baya. Kowanne daga cikin huɗun nan zai iya kawo duhu, kuma kowanne kuɗin gyaransa daban.

Gwajin da ya fi kowanne sauƙi, wanda ba ya cin ko dala, shi ne a haɗa kwamfutar da talabijin ko wani allo na tebur, ta kafar HDMI ko ta tsohuwar kafar nan mai launin shuɗi da ake kira VGA. Idan allon kwamfutar ya ɗauke amma hoto na nan daram a talabijin, to ƙwaƙwalwar hoto da tafintanta lafiyarsu lau, laifin yana ga allo ko wayarsa. Daga nan sai a riƙa ɗaga murfin ana sauke shi a hankali. In hoton na zuwa yana tafiya gwargwadon yadda aka karkata murfin, wayar ce ta gaji, domin an buɗe an rufe sau dubbai tana lanƙwasuwa a wuri ɗaya, kuma sauya ta ya fi sauya allo araha nesa ba kusa ba. In kuwa allon duhu ya yi gaba ɗaya, a haska shi da tocila daga kusa. Wanda ya hango inuwar rubutu a cikin duhun ya san hoto na isowa, fitilar baya ce ta mutu. A na'urorin da suka girmi 2010, wannan fitila galibi ƴar siririyar kwalba ce mai wani ƙaramin faranti da ke ƙara mata ƙarfin wuta, kuma sau da yawa farantin ne ke ƙonewa, allon kansa bai yi komai ba.

To amma idan talabijin ma ya nuna layukan, ko shi ma ya ɗauke a daidai lokacin, a daina zargin allo. Duk wanda ya sayar maka da sabon allo a wannan hali, kuɗinka kawai ya ci. Magana ta koma tsakanin tafinta da ƙwaƙwalwar hoto, kuma a nan ne ake buƙatar haƙuri.

Tun daga Windows Vista, wadda ta fito ga jama'a a farkon 2007, kamfanin Microsoft ya sanya wani mai gadi a cikin tsarinsa. Aikin mai gadin shi ne ya lura da ƙwaƙwalwar hoto: idan aka ba ta aiki ta yi daƙiƙa 2 ba ta amsa ba, sai ya katse ta, ya sake tayar da pilot, ba tare da an kashe na'urar duka ba. Wannan katsewa da tayarwa ita ce baƙin da mutane ke gani na ƴan daƙiƙoƙi, wanda bayansa wani ɗan saƙo kan fito a kusurwar ƙasa yana cewa pilot ɗin hoto ya daina amsawa amma an farfaɗo da shi. A zamanin Windows XP, irin wannan tsayawa kan sandarar da na'urar baki ɗaya. Idan abin ya maimaitu ya wuce sau 5 cikin minti ɗaya, ko kuma farfaɗowar ta gagara, sai Windows ta sallama, ta nuna allon nan shuɗi, sau da yawa da lambar 116 a jiki. Sunan da ke biye da lambar kan tona asirin mai laifi: nvlddmkm na NVIDIA ne, atikmpag na AMD, wanda ya fara da igd kuma na Intel. Kowane ɗaukewa yana barin sawu a littafin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, ƙarƙashin lamba 4101, da rana da sa'a. Mai gyaran da ya san aikinsa wannan littafi yake fara buɗewa kafin ya taɓa sukurdireba.

Sai dai a kula da abu guda. Saƙon ya ce pilot ya daina amsawa, bai ce pilot ne ya lalace ba. Tafinta kan yi shiru don shi ne ya ruɗe, yakan kuma yi shiru don wanda yake fassara wa ne ya suma. Akwai wata dabara da ta yaɗu a intanet, wai a shiga cikin rajistar Windows a ƙara wa mai gadin lokaci, daga daƙiƙa 2 zuwa 8 ko 10. Wannan na da amfani ga masu aikin zane mai nauyi da na'ura lafiyayya. Ga tsohuwar kwamfuta mai ciwo kuwa, daidai yake da a ce wa mai gadi ya riƙa kau da kai. Saƙon zai ragu, amma sandarewar za ta ƙara tsawo.

Hanyar rarrabewa ita ce a duba lokacin da ciwon ke tashi. Idan layukan na bayyana tun daga tambarin kamfani da ke fitowa da an kunna na'ura, kafin Windows ta tashi, to babu ruwan pilot, domin a wannan lokaci bai ma fara aiki ba; ƙarfen ne da kansa. Idan kuwa sai an shiga Windows, a tayar da ita ta hanyar nan da Faransawa ke kira mode sans échec, inda take ajiye pilot ɗin kamfani ta yi amfani da wani nata mai sauƙi. Akwai kuma gwajin da ya fi wannan yanke hukunci: a zuba wani tsarin Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, a kan kile, a tayar da kwamfutar daga kilen ba tare da an goge komai ba, a kunna bidiyo na awa ɗaya. Na'urar da ta yi awa ɗaya lafiya a ƙarƙashin wani tsari daban, da wuya a ce ƙwaƙwalwarta ce ta mutu.

In ya tabbata tafinta ne, to yawanci tsufa ne ya haɗa shi faɗa da sabuwar Windows. Kamfanoni ba sa kula da tsohuwar ƙira har abada. AMD ta daina sabunta pilot na jerin Radeon HD 5000 da 6000 a watan Nuwamba na 2015. NVIDIA ta saki jerin GeForce 8 da 9 a 2016. Misalin da ya fi shafar mu shi ne Intel HD Graphics 3000, wadda ke cikin na'urorin 2011 irin su HP EliteBook 8460p, Dell Latitude E6420 da Lenovo ThinkPad T420, waɗanda aka jibge a kasuwannin gwanjo: Intel bai taɓa fitar mata da cikakken pilot na Windows 10 ba. Tana tafiya da wanda aka gada daga Windows 7 da 8, shi ya sa takan yi tuntuɓe idan sababbin manhajojin shiga intanet suka ɗora mata aikin da ba a san shi ba a zamaninta. Maganin farko a nan kyauta ne: a shiga saitin Chrome ko Firefox a kashe abin da ke tura aikin hoto zuwa ƙwaƙwalwar hoto, wanda a Faransanci aka rubuta accélération matérielle. Mutane da yawa daga nan kukansu ke ƙarewa. Na biyu, a cire pilot ɗin gaba ɗaya, a sa wanda kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya tanada wa wannan ƙira, ko da ya fi tsufa. Sabon pilot ba kullum ya fi dacewa da tsohuwar na'ura ba, kuma waɗannan tarin pilot da ake yawo da su a kile ana zuba wa kowace kwamfuta ba tare da duba ƙirarta ba, sun jawo ɓarna fiye da gyaran da suka yi. A tuna kuma Microsoft ya janye tallafin Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, na Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali Windows 11 ba ta karɓar waɗannan tsofaffin ƙira bisa ƙa'ida. Wanda aikinsa buga takardu ne da shiga intanet, Linux zai iya ƙara wa na'urarsa shekaru.

Akwai wani mai laifi da ake mantawa da shi, wato sandunan ram. Ƙwaƙwalwar hoto ta Intel ba ta da rumbun kanta, daga ram take aro. Sanda ɗaya ta sami rauni, ko ƙura ta shiga bakinta, ko jijjigar kabu-kabu ta sassauta ta, sai hoto ya rikice. A cire su, a goge bakin, a mayar da ɗaya-ɗaya ana gwadawa. Aikin minti 10 ne.

Yanzu sai babban abokin gaba, wato zafi. Duk wanda ya buɗe ɗan littafin da ke zuwa da sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka zai ga iyakar zafin da aka yarda a yi aiki da ita a ciki. Apple ya rubuta daga digiri 10 zuwa 35, Dell da HP su ma a yawancin ƙirarsu a 35 suka tsaya. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu, a Yamai da Tawa da Birnin Ƙonni, zafin inuwa kan wuce digiri 40 kwana da kwanaki, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Ke nan tun kafin a danna maɓalli an riga an ƙetare iyakar da maƙerin ya gindaya. A cikin na'urar, zafin ƙwaƙwalwa na bin wani bututun tagulla zuwa wasu siraran faifai masu kama da haƙoran matsefi, fanka kuma ta hura iska ta cikinsu ta fitar da shi waje. Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, takan taru a bakin waɗannan faifai har ta zama kamar ɗan bargo. Fankar na ta ƙugi amma iska ba ta fita. Sannan man nan mai launin toka da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da tagulla don zafi ya ratsa, bayan shekaru yakan bushe ya zama kamar laka a rani. Shi ya sa kukan ke zuwa da bazara: hunturu ya toshe hanya, bazara ta kawo wuta.

Alamar ciwon zafi ba ta ɓuya. Na'ura kan yi aiki lafiya da asuba, ta fara ɗaukewa bayan azahar; ta yi rabin awa lafiya daga kunnawa, sannan ta rikice; buga takarda ba ya damun ta, bidiyo ne ke kayar da ita. Ƙananan manhajoji na kyauta irin su HWMonitor suna nuna zafin cikin na'ura, kuma idan ana ganin 90 zuwa sama alhali ba wani aiki mai nauyi ake yi ba, magana ta ƙare. A buɗe, a share fanka da faifan, a kankare tsohon man a shafa sabo, ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa. Hurawa daga waje da abin hura iska, yadda wasu ke yi a bakin titi, ƙara cusa ƙurar ciki yake yi. Kuma a daina ɗora kwamfuta kan katifa ko darduma ko cinya mai babbar riga, tunda yawancinsu ta ƙasa suke shaƙar iska. Ko marafan kwalba huɗu aka sa a ƙarƙashin kusurwoyinta, an taimake ta.

Sai dai akwai na'urorin da tun daga masana'anta suka fito da rauni, kuma ya kamata mai saye ya san tarihinsu, domin ragowarsu na nan na yawo a kasuwanninmu. A farkon watan Yuli na 2008 kamfanin NVIDIA na Amurka ya sanar da masu hannun jarinsa cewa wasu ƙwaƙwalen hoto da ya sayar wa maƙeran kwamfutar tafi-da-gidanka suna mutuwa fiye da kima, har ya ware dalar Amurka miliyan 196 don biyan gyara. Ya ce kayan da aka haɗa ƙwaƙwalwar da su ne ba su da ƙwari, ya kuma ɗora wani ɓangare na laifin kan yadda aka tsara sanyaya na'urorin da yadda ake amfani da su. Waɗanda suka fi shahara da ciwon su ne GeForce 8400M da 8600M, da danginsu. Suna cikin HP Pavilion dv2000, dv6000 da dv9000, cikin Dell Latitude D630 da XPS M1330, da MacBook Pro na 2007 da 2008. Dell da HP suka fitar da gyaran da ke sa fanka ta riƙa juyawa da wuri, wanda jinkirta mutuwar kawai yake yi. Apple ya amince da matsalar a watan Oktoba na 2008, ya yi ta tsawaita wa'adin gyara kyauta har ya kai shekara 4. Masu saye a Amurka suka kai ƙara gaban kotun tarayya a Kalifoniya, aka yi sulhu a 2010. Ba a jima ba irin wannan ya sake faruwa da MacBook Pro na 2011 masu ƙwaƙwalwar AMD. Sai a watan Fabrairu na 2015 Apple ya buɗe shirin gyara kyauta, wanda ya rufe a ƙarshen 2016. Duk waɗannan wa'adodi sun wuce tun kafin yawancin na'urorin su iso gare mu. Baturen da ya saya sabuwa an gyara masa ko an biya shi, wanda ya saya a gwanjo kuwa ciwon kawai ya gada.

Yadda raunin yake shi ne, ƙwaƙwalwar hoto hawa biyu ce. Akwai ɗan guntun gilashi mai sheƙi a tsakiya, wanda aka manna a kan wani ɗan faranti kore da ɗaruruwan ɗigon dalma ƙanana da ido ba ya gani. Shi kuma ɗan farantin an manna shi a kan kart-mer da wasu ƙwallayen da suka fi girma. Kullum aka kunna na'ura kayan nan na buɗewa da zafi, aka kashe su tsuke, kuma gilashi da faranti ba sa buɗewa daidai da juna. Yau da gobe sai ɗigon ya tsage. Da sanyi bakin tsagar na haɗe, hoto na fita; da zafi ya rabu, hoto ya ɗauke. Mutane da yawa sun ɗora laifin kan dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2006, wadda ta hana amfani da dalma a yawancin kayan lantarki, aka koma haɗin kuza da azurfa da tagulla mai narkewa wajen digiri 217 maimakon 183 na da. Amma a lamarin NVIDIA raunin yana hawa na sama ne, tsakanin gilashin da ɗan farantinsa.

Wannan bayani shi ke fayyace gaskiyar gyaran da ya fi kowanne farin jini a rumfunan gyara, wato gasa ƙwaƙwalwa da bindigar iska mai zafi. Mai gyara ya kwance na'ura, ya hura wa ƙwaƙwalwar zafi na ƴan mintoci, ya bari ta huce, ya mayar. Sai ga hoto tar. Mai kaya ya yi godiya, ya biya, ya tafi. Abin da ya faru shi ne zafin ya motsa kayan da ke ƙarƙashin gilashin har bakin tsagar ya sake haɗuwa, amma tsagar na nan. Wata na'urar takan yi makonni, wata watanni, sannan ta koma gidan jiya, kuma kowace gasawa na rage kwanakin da ake samu a gaba. Har sauya ƙwallayen ƙasa da sababbi, wanda ake cajin kuɗi mai yawa a kansa, ba ya kai wa ga hawa na sama. Zafin aikin ne kan farfaɗo da ita na ɗan lokaci, a zaci ƙwallayen ne. Gyara na dindindin shi ne a sa wata ƙwaƙwalwar daga ƙirar da aka gyara daga baya, ko a sauya kart-mer ɗin, kuma sau da yawa kuɗin ya kusa na wata kwamfutar.

Ba mu ce gasawa haramun ce ba. Ɗalibin da ya rage masa mako biyu ya miƙa kundinsa, mako biyun nan sun fi masa komai. Abin da ba daidai ba shi ne a karɓi kuɗinsa a ce an gyara. Mafi muni kuma shi ne abin da wasu dillalai ke yi, su gasa matacciyar na'ura da safe su baje ta a tebur da rana. Masu gyara na gaskiya, kuma suna da yawa, sukan faɗa wa mai kaya cewa aro ne aka yi masa na ƴan kwanaki, ya kwashe kayansa ya fara neman wata.

Wani lokaci akan sami mafita ta gefe. Na'urori da yawa daga 2010 zuwa sama ƙwaƙwalwar hoto biyu gare su, ta Intel don aikin yau da kullum, da ta NVIDIA ko AMD don aiki mai nauyi. Idan ta biyun ce ta lalace, akan iya sallamar ta. A ThinkPad T420 akwai zaɓi a cikin BIOS da ke cewa a yi aiki da ta Intel kaɗai. A MacBook Pro na 2011 masu shi sun daɗe suna amfani da wata ƴar manhaja mai suna gfxCardStatus don tsare na'urar kan ta Intel. Mai buga takardu ba zai ma ji bambanci ba, batir kuma zai ƙara jimawa.

Batun wuta ba sai an tsawaita ba, kowa ya san halin kuran, musamman tun lokacin da Nijeriya ta katse layin da a wancan lokaci ke ba mu kaso mafi girma na lantarki daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, jama'a suka koma ga janareta da hasken rana. Cajar jabu mara nauyi, haɗe da mataccen batir, kan sa wuta ta gaza daidai lokacin da ƙwaƙwalwar hoto ta fi buƙatar ta. Idan allon na ɗaukewa ne kawai sa'ad da aka jona caja ko aka zare ta, a ari caja ta asali mai ƙarfin da aka rubuta a ƙarƙashin na'urar a gwada.

Duk waɗannan gwaje-gwaje suna bayan abu guda da ya kamata a yi tun ranar da allon ya fara ƙiftawa: a kwashe takardu. A zuba su a kile biyu, wanda ke da intanet ya aika wa kansa muhimman ciki ta imel. In ma na'urar ta riga ta mutu, a sani mutuwar hoto ba ta taɓa rumbun ajiya ba. A tsofaffin kwamfutoci diskin na fita da kwance sukuru biyu ko huɗu, a sa shi cikin ɗan akwatin da ake jonawa ta USB, a karanta shi a wata na'urar. Kada a bar kwamfuta a rumfar gyara a yarda a formata ta kafin an ga takardun da ido a wani wuri.

Wanda kuma zai je sayen ta gwanjo, kada ya tsaya ga kyawun murfi. Ya nemi sanin sunan ƙwaƙwalwar hoton da ke ciki, ya guji ƙirar da aka ambata a sama komai arharsu. Ga aikin biro da karatu, wadda ke da ta Intel kaɗai ta fi juriya a ƙasarmu, tunda ba ta da guntu na biyu mai tara zafi. Ya juya ta ya duba ko kan sukurorin ya cinye saboda yawan kwancewa. Ya sa hannu a bakin mafitar iska ya ji ko iska na fita da ƙarfi. Sannan ya roƙi mai kaya ya bar shi ya kunna bidiyo na rabin awa, da tsakar rana, yana ɗaga murfin yana saukewa, kuma a rubuta masa a takarda kwana nawa yake da su na mayarwa idan allon ya ɗauke.